Gungun da Surajo Ya Ara

Surajo ɗan Malam Zaidu tela ya dawo Yelwan Yauri da farin gemu, da malafa irin ta 'yan yawon buɗe ido, da wata Baturiya mai rataye da kyamara. Ya kusa shekara talatin a Amurka. Ko rasuwar Inna ba ta kawo shi ba; waya ya bugo, ya yi ɗan kukan da ya samu, ya ce aiki ya riƙe shi. Yanzu da ba wanda ya mutu, ba kuma wanda ya kira shi, sai ga shi a ƙofar gidan yayarsa Murjanatu, yana fifita da malafar yana tambaya ko akwai ruwan gora.

Murjanatu ta daɗe tana shugabar makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Ita ta goyi Surajo, ita ta fara kama hannunsa ta koya masa riƙon fensir. Ta dube shi tun daga malafa har takalmi, sannan ta ce a shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Mutanen Yelwa sun san Surajo tun yana zanen bayan manyan motoci a tasha: zaki ya danne barewa, jirgin sama na keta gajimare, dabino a bakin rijiya. Hannunsa na da kyau, wannan ba wanda ya taɓa musu. Daga tasha ya koma rubuta allunan shaguna, daga nan Kaduna, daga nan aka ji wani malamin zane ya yi masa hanya ya haye. Shekaru aka yi ba a jin komai sai tuƙin tasi da wankin kwanuka. Ya zana musu duwatsunsu da dusar ƙanƙararsu da gonakin masararsu, ba wanda ya waiwaya, don ƙasar cike take da masu zana irin waɗannan, kuma sun fi shi sanin sanyin. Daga baya ya juya ya fara zana tafkin Kainji da ka. A nan ƙofa ta buɗe. Ya zama ɗan ƙasa, jaridunsu suka shiga lissafa shi cikin manyan masu zanen ƙasa da ruwa na Amurka, zanensa ya shiga gidajen attajirai da ɗakunan baje koli. Iyakar abin da Yelwa ta sani ke nan. Sauran a kan tabarmarta Murjanatu ta ji shi, ranar da ya iso.

Baturiyar sunanta Grace, mai shirya fim ce, ta biyo shi ne ta ɗauki dawowarsa gida. Ta kama hannun Murjanatu da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ta ce da Turanci ta ji duk abin da ya same su. Ta ji yadda ruwan dam ya cinye gungunsu, tsibirin da aka haife su a kai, yadda aka kwashe su a jirgi suna kallon ɗakinsu yana nutsewa.

"Ke kina jaririya lokacin, ko?" in ji ta. "Ya ce shi ya rungume ki a cikin jirgin."

Murjanatu ta juya ta kalli ƙanenta. Shi kuwa nan take ya sami abin kallo a jikin bango.

Da baƙuwar ta shiga ɗaki ta huta, Murjanatu ta ja shi bayan madafa.

"Wane gungu ne ruwa ya ci muna, Surajo?"

"Yaya, ki saurare ni tukuna."

"Ina saurare. Ni dai a sanina bayan kasuwa anka haife mu, ɗakin da Inna ke kife tukwane. Baba daga Jega ya zo da keken ɗinkinsa, ko kwatar jirage bai son zuwa. Sa'ad da anka tare ruwan nan ina rarrafe, kai ko labarinka babu. Yaushe ka girme ni har ka rungume ni cikin jirgi?"

Ya yi murmushi irin na wanda zai yi wa ƙaramin yaro bayani.

"Ba ki san mutanen can ba, Yaya. Ba zane suke saye ba, ciwo suke saye. Ki kai musu ruwa da sararin sama, su ce ya yi kyau, su wuce. Ki ce musu ƙarƙashin ruwan nan gidanku ne, sai su ja su tsaya."

"Shi ne ka ari gidan wani."

"Ai ba ƙirƙira na yi ba. Abin ya faru, ya faru ga dubban mutane. Wa ya kai shi duniya in ba ni ba? Waɗannan na bakin ruwa sun fi shekara hamsin suna zaune da labarin, me suka yi da shi? Kifi kawai suka sani."

Ya ciro babbar waya ya shiga nuna mata aikinsa, yana turawa da yatsa. Ruwa ne shimfiɗe, ba jirgi, ba mutum. A tsakiya kan wata busasshiyar bishiya ya leƙo, balbelu jere a reshenta. Zane bayan zane bishiyar ce, wani da asuba, wani hadari ya taso, wani rana na faɗuwa. Ya ce wannan jerin shi ya ɗaga shi, sunansa Tsamiyar Babana.

Murjanatu ba ta buƙaci a gaya mata tsamiyar wa ce ba. Ta Baba Cindo ce, Bagunge, masunci, aminin mahaifinsu. Duk ranar kasuwa in ya sayar da kifinsa, shagon Malam Zaidu yake zuwa ya zauna, kuma hira ba ta nisa sai ta koma Gungun Ƙirya, inda aka haife shi a tsakiyar kogi. Yana sabon ango ma'aikata suka zo suka ce ruwa na zuwa. Aka kwashe su aka zuba a gidajen siminti a bakin tafki, ɗakuna masu zafi kamar tanda, aka bar gonakin albasa da kaburbura a baya. Tsamiyar ƙofar gidansu ce kaɗai ta ƙi ɓacewa. Kanta ya daɗe a saman ruwa bayan ta bushe, shi kuma yakan tuƙa ya je ya ɗaure jirginsa a reshenta, ya gaida ubansa da ke kwance a gindinta. Wata shekara ya je bai same ta ba. Duk wannan Surajo ya sha shi yana yaro, zaune ƙarƙashin keken ɗinki yana tsintar ƙyallaye.

"Gobe za mu wurinsa," in ji Surajo. "Grace na son ta ga wurin, ni kuma ban san inda yake ba. Abin da nake roƙo kawai, ki yi shiru."

"Ba ka san inda anka haife ka ba," ta ce. "Ni ba ni yin ƙarya, ka sani. In ba a tambaye ni ba, ba ni magana. In anka tambaye ni, sai abin da na sani. Kuma da ni za a tafi, ba ni barin ka kai kaɗai da tsohon nan."

Ƙauyen su Baba Cindo yana ƙasar Ngaski, a bakin tafki, kuma har yau mutanensa Gungun Ƙirya suke kiransa duk da a tudu yake. Ƙarshen damina ne, hanya ta lalace, motar da suka ɗauko ta kafe sau da yawa. Duk kafewa Surajo na zaune ciki yana tsaki, yana ce wa Grace ta gani, haka ƙasar take, ba abin da ya canja.

Baba Cindo ya sami labarin ɗan Zaidu na zuwa gaishe shi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaura agogo, ya sa tabarau, ya sa aka dafa giwan ruwa da tuwon shinkafa. Da suka iso ya riƙe hannun Surajo ya ƙi saki.

"Ɗan Zaidu! Kai ne ka yi hurhura haka? Allah Sarki. Ka ga hannun, na ubanka sak."

Surajo ya amsa gaisuwar sama-sama, idonsa na yawo a tsakar gida. Abincin ma ɗanɗanawa ya yi ya ture, ya ce cikinsa ba ya ɗaukar irin wannan yanzu. Kafin a kwashe kwanuka ya miƙe ya fara ba da umarni. A janye kujerun roba. A gusar da babur. Faifan solar da ke kan rufi a rufa masa tabarma. Matan da suka yi kwalliya don baƙi ya ce su koma su sa na aiki, su fito da turmi. Wata ta tambaya mi za su daka, ba su da daka yau. Ya ce su daka iska ma, ba ruwan kyamara.

"Duk tarkacen nan yana ɓata wurin," ya ce wa Basiru, babban ɗan Baba Cindo, magidanci mai 'ya'ya har da surukai. "Kun cika gari da shirgi."

"Shirgin nan da shi muke cajin waya," in ji Basiru. Ya kalli ubansa, ya ga tsohon ya gyaɗa kai, sai ya hau ya rufe solar.

Daga nan Surajo ya juyo kan tsohon kansa. Ya ce rigar ta yi haske da yawa, ko akwai wata tsohuwa. Agogo da tabarau kuma a cire. Baba Cindo ya cire su a hankali ya zuba a aljihu, ya shiga ɗaki ya fito da wata shuɗiyar riga da ta koɗe. Murjanatu na zaune cikin mata, ta ga komai, ta danne bakinta da gefen mayafi.

A bakin ruwa aka sake wata. Surajo ya ce a cire injin jirgi, da filafili za a tafi kamar dā. Basiru ya ce in da filafili ne sai dai shi mai maganar ya tuƙa, don wurin da nisa. Aka shirya a kan a tafi da inji, in an isa a kashe a lulluɓe shi da buhu. Sai kuma shiga jirgin. Ɗan gungu, wanda jaridun Amurka suka ce ya koyi iyo kafin ya koyi tafiya, ya ɗaure rigar hana nutsewa har wuya, ya sa ƙafa ɗaya, jirgi ya motsa, ya ƙanƙame wuyan Basiru yana salati. Matan da ke wanki suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Grace ba ta ɗauki wannan ba, tana goge gilashin kyamara.

Suka yi ta tafiya har gaɓa ta zama siririn layi. Baba Cindo na zaune a gaba, ba tabarau, yana duban wani tsauni a yamma da wani a kudu. Can ya ɗaga hannu. Basiru ya kashe inji ya rufe shi da buhu. Ba komai a wurin sai ruwa, da 'yar kainuwa tana wucewa.

"Nan ne," in ji tsohon.

Surajo ya cire rigar hana nutsewa ya tura ƙarƙashin benci, ya riƙe gefen jirgi da hannu ɗaya gam. Grace ta ɗaga kyamara. Ya rufe ido, ya ja numfashi, ya fara da Turanci, da wata murya mai rawa da Murjanatu ba ta taɓa jin sa da ita ba. Ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Ya ce yana jin ƙanshin albasar gonarsu har yanzu. Ya ce ga inda tsamiyar take, ga inda yakan ɗaure ɗan jirginsa yana yaro maraya, ya yi magana da ubansa ta cikin ruwa. Hawaye suka zo masa daidai inda ake buƙatar su. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Baba Cindo, ya ce wannan kawunsa ne, shi kaɗai ya rage masa.

Tsohon ya ji hannu a kafaɗarsa, ya ga hawaye, ya juya wajen Murjanatu.

"Ɗiyar Zaidu, mi yaron ga ke hwaɗi? Mi ya same shi?"

"Yaya," in ji Surajo da Hausa, a ƙasa-ƙasa, fuskarsa na kallon kyamara.

"An tambaye ni," ta ce.

Ta fassara masa duka, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, da muryar da take karanta wa 'yan aji sanarwa. Cibiya, albasa, tsamiya, ɗan jirgi, uba a ƙarƙashin ruwa, kawu.

Baba Cindo ya saurara har ta gama. Ya ɗauke hannun Surajo daga kafaɗarsa da yatsu biyu, ya ajiye masa a gwiwa.

"Zaidu?" ya ce. "Ni na kama ƙafafunai munka sa shi ƙasa a maƙabartar Yelwa, ƙasa busassa ƙayau. Yaushe ya tashi ya dawo cikin ruwa?"

"Baba, ba haka ba ne. Aikin fim ne, akwai yadda ake..."

"Wanda ke ƙasan nan sunanai Ɗangana. Ubana ne. Ɗa guda ya bari namiji, ga ni zaune. Kai naka uban mi ya yi maka da ka bar shi can ka zo ɗaukar nawa? Don shi tela ne? Da allurar nan ya cishe ka." Ya juya ga Murjanatu. "Hwaɗa ma matar. Duka."

Murjanatu ta faɗa mata. Ta ce ita ce babba. Ta ce ubansu tela ne, a cikin gari aka haife su, ƙanenta bai taɓa kwana a gungu ba, kuma labarin da yake sayarwa na wannan tsohon ne.

Ta yi zaton matar za ta firgita, ko ta yi fushi, ko aƙalla kunya ta kama ta. Grace ta sauke kyamara a cinya, ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda aka katse wa aiki. Ta ce ita ta sayi tikitinsu na jirgin sama, ta ga fasfonsa, kuma ta iya lissafi. Ta ce su ba kotu suke ba, gaskiyar zuciya suke nema, Surajo murya ce ta dukan waɗanda ruwan ya tasa. Sannan ta ɗan matso, ta tambaya ko tsohon zai iya maimaita abin da ya faɗa yanzu, amma ya kalli kyamara. Ta ce muryarsa na da daɗi sosai in ransa ya ɓaci, ba ma sai an fassara ba.

Wannan ma Murjanatu ta fassara.

Baba Cindo ya sa hannu a aljihu ya ciro tabaransa ya maƙala, ya ciro agogo ya ɗaura, ya ɗauki lokaci yana neman hudar maɗaurin. Ya ce da Basiru ya yaye buhun nan. Sannan ya sunkuya ta gefen jirgi, ya sa tafin hannunsa a kan ruwa, ya yi magana a hankali da Gunganci, 'yan kalmomi kaɗan. Grace ta yi wuf ta ɗaga kyamara. Basiru ya fizgi igiyar inji, ya karya kan jirgin da ƙarfi, kyamarar ta kalli sama, Surajo ya zame daga benci ya zauna daɓas cikin ruwan kifin da ya taru a gindin jirgi. A nan ya zauna har gaɓa, yana laluben rigar hana nutsewa. Ba wanda ya miƙa masa hannu.

Da suka sauka tsohon ya yi wa Murjanatu sallama, ya sa aka ɗaure mata bandar kifi, ya ce ta gaida yara. Ya wuce ta gaban Surajo kamar ya wuce turke.

Surajo bai bar Yelwa nan da nan ba. Ya koma masauki a cikin gari shi da Grace, ya ce gidan Yaya sauro ya yi yawa. Wata safiya Murjanatu ta gangara kwata sayen kifi, ta hango shi can gefe, ya kafa allon zanensa, shi kaɗai. Ta so ta wuce, sai ta tsaya a bayansa.

A gabansa kwata ce cike: jirage na sauke buhunan shinkafa daga wajen Shanga, 'yan kabu-kabu na rige-rigen fasinja, mata na ciniki a kan kwandunan karfasa, leda da robobi na yawo a bakin ruwa. A kan allon ba ko ɗaya. Ruwa ne kawai da sama. Amma ruwan shi ne. An yi yayyafi da asuba, tafkin ya yi wani launi tsakanin toka da madara, da ɗan ja-ja can inda kogi ke shigowa, kuma ga shi nan a kan allo kamar an ɗebo an zuba. Ta tsufa tana ganin wannan launin, ba ta taɓa sanin ana iya kama shi ba. Hannunsa na tafiya ba gardama, bakinsa a ɗan buɗe, kamar lokacin da yake yaro. Abin ya ƙara ɓata mata rai.

"Ka iya," ta ce.

Ya waiwayo a firgice, ya ga ita ce, ya koma ga allonsa.

"Na sani."

"Da ka yi zanenka ka yi shiru, da mi zai ragu?"

"Na yi shekaru ina zane ina shiru, Yaya. Kwanuka na wanke." Ya dangwali fenti. "Ke kina nan, kowa ya san ki, Malama Murja, ko ba ki yi komai ba za a gaishe ki. Can in ba ka da labari, kai ba kowa ba ne. Kin zaci su wa suka damu da ɗan tela?"

"Tsohon nan fa? Ka koma ka ba shi haƙuri?"

"Haƙurin me? Tsamiyarsa ta ruɓe tun kafin in yi gemu. Ni na tashe ta. Yanzu tana rataye a birane da shi ko sunansu bai iya faɗa ba. Godiya ya kamata ya yi mini."

Murjanatu ta duba fuskarsa ko za ta ga alamar wasa, ko ta kunya. Ba ta ga komai ba sai gemun da ya bari ya yi fari don ya cike shekarun da ya ƙara wa kansa.

"Kabarin Baba da na Inna suna nan inda ka san su," ta ce. "In ka sami sarari."

Ya ce zai duba, jadawalinsu ya matse. Ta gyara mayafi ta tafi wajen masu kifi. Bai samu sararin ba; bayan kwana biyu ta ji a bakin direban da ya kai su cewa sun wuce Abuja.

Fim ɗin ya fito bayan wata damina. An ce ya karɓu a can, har an ba shi lambar yabo. A Yelwa a waya aka kalle shi, a teburan masu shayi da tashar kabu-kabu, kuma wurin kukan aka fi so. Sai a mayar baya a sake kallo, a yi ta dariya, tsofaffin direbobin da ya yi wa zanen mota suna buga cinya suna cewa wallahi yaron nan ko a kwatami tsoron ruwa yake. Murjanatu ba ta ciki ko kaɗan, an yanke ta. Baba Cindo ya fito sau ɗaya, ta baya, cikin koɗaɗɗiyar riga, an rubuta a ƙasa wai kawun mai zanen ne. Da Basiru ya kawo masa wayar ya gani, ya ce a kai wa masu lokaci, shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

Wasu daga cikin 'yan bokon gari kuma suka ce ai abin alfahari ne, ɗan Yauri ya fito da sunan Yauri, suka zo har gida suna neman Malama ta sa baki ya dawo a karrama shi. Ta ba su lambarsa, ta ce su yi magana da shi da kansu, ta koma kan shanyar shinkafarta.

Sau ɗaya ya sake kiran ta. Rana tsaka ce, tana tsince wake. Bayan gaisuwa a gurguje ya ce yana gama wani babban zane da wani gidan baje koli ya nema, kuma yana son ya sa masa suna da harshen gida. Ko ta san yadda ake cewa kewar gida da Gunganci?

"Ban sani ba," ta ce. "Kai ne Bagunge."

"Yaya, don Allah. Ki tambayar mini Basiru mana, ko wani a kasuwa."

"Basiru ya ce in ka sake kira in hwaɗa maka kada ka kira."

Ta ji yana huci. Ya ce shi ke nan, zai san yadda zai yi. Ya kashe.

Ya san yadda ya yi. Da zanen ya fito, wata jikar Murjanatu da ke karatu a jami'a ta nuna mata hotonsa a waya: ruwa, sama, busasshiyar bishiya, da wata kalma mai daɗin faɗa a ƙasa, an bayyana wa masu kallo cewa a harshen mutanen mai zanen tana nufin gidan da ba a komawa. Ranar kasuwa jikar ta bi rumfunan kifi tana karanta wa Gungawa kalmar. Ta tambayi tsofaffi, ta tambayi matasa, ta gwada wa Kambari ma ko tasu ce. Kowa sai ya ce ta sake faɗa, ta sake, ya girgiza kai. Wata tsohuwa mai banda ta ce ta yi mata kama da sunan maganin tari.